GIDAN LIKITA MILA A BIRNIN ZARIYA: TARIHIN WATA 'YAR MAJAMI'A A CIKIN GIDA

Gabatarwa

Mu mazauna unguwar Badariya a Birnin Kebbi mun saba da ganin wani abu kowace safiyar Lahadi. Za ka ga maƙwabtanmu Kirista, wasu 'yan ƙasar Zuru, wasu mutanen Kudu masu shaguna, wasu kuma ma'aikatan gwamnati, sun ci ado sun riƙo littattafansu sun nufi coci. Waɗanda ba su da ginin kansu kuwa sukan taru a falon ɗayansu, a jera benci biyu ko uku, a yi waƙe-waƙe da addu'a, kafin azahar kowa ya kama gabansa. Wata rana ina zaune a ƙofar gida tare da wani ɗalibina sai muka jiyo waƙarsu daga wani gida, da Hausa tsantsa, babu gargada. Yaron ya dube ni ya ce, "Malam, wai su waɗannan ina suka samo addu'a da Hausa? Wa ya fassara musu?" Na ce masa amsar tana da tsawo, kuma ba a nan take ba, sai mun je Zariya.

Masu iya magana sun ce waiwaye adon tafiya. Abin da wannan maƙala za ta waiwaya shi ne tarihin wani Bature ɗan mishan, Likita Walter Miller, wanda Zazzagawa suka fi sani da Likita Mila. Ya yi shekara ashirin da huɗu, daga 1905 zuwa 1929, yana zaune a tsakiyar birnin Zariya, yana jagorantar wata 'yar ƙaramar jama'a ta Kirista wadda majami'arta da makarantarta da ɗakin shan maganinta duk suna cikin gida ɗaya. Mu marubuta muna da ruwa da tsaki a wannan labari, domin alƙalamin bokon da muke riƙe da shi yau ya ratsa ta zauren wannan gida kafin ya iso hannunmu.

Ibada A Cikin Gida

Kafin mu shiga labarin, ya kamata mai karatu ya san cewa taruwa a cikin gida don ibada tsohon abu ne a wurin Kirista. A ƙarnoni ukun farko na addinin, mabiyansa a daular Rum a gidajen junansu suke haɗuwa, sau da yawa a ɓoye saboda tsangwama. A wani tsohon gari mai suna Dura da ke bakin kogin Furat a ƙasar Sham, masu tonon tarihi sun gano wani gida da aka mayar wurin ibada wajen shekarar 240. Sai bayan 313, lokacin da Sarki Kustantin ya sakar musu mara, sannan manyan gine-ginen coci suka yawaita. Musulmi ma ba baƙo ba ne ga irin wannan hali, don kowane almajiri ya san labarin gidan Arƙam a Makka, inda sahabban farko suke taruwa kafin addini ya yi ƙarfi. Duk inda masu wata aƙida suka zama 'yan ƙalilan a cikin jama'a mai yawa, to gida shi ne mafakarsu ta farko.

Kafin Zuwan Mila

Turawan mishan sun daɗe suna haƙon ƙasar Hausa daga nesa. A shekarar 1853 matafiyin nan Bajamushe, Heinrich Barth, wanda ya kira kansa Abdulkarim, ya biyo ta Gwandu da Birnin Kebbi a hanyarsa ta zuwa Tambutu. Shi ba ɗan mishan ba ne, amma a cikin yaransa akwai wani Bahaushe mai suna Dorugu, wanda ya tafi da shi Turai a 1855. A can Ingila Dorugu ya zauna da wani limamin Kirista, James Frederick Schön, yana ba shi labarai da tatsuniyoyi, shi kuma yana rubutawa da haruffan Turawa. Da wannan taimako Schön ya fitar da nahawun Hausa a 1862, da ƙamus a 1876, da littafin Magana Hausa a 1885, alhali kuwa bai taɓa taka tsakiyar ƙasar Hausa ba.

Waɗanda suka yi yunƙurin shigowa da ƙafarsu kuwa, galibinsu kabari suka tarar. A 1890 wasu samari 'yan ƙungiyar C.M.S. ta cocin Ingila, Graham Wilmot Brooke da John Alfred Robinson, suka sauka a Lakwaja, suka sa riguna irin na Hausawa suna koyon harshe da niyyar wucewa arewa. Robinson ya mutu a 1891, Brooke ya bi shi a 1892. A 1893 wasu uku suka sauka a Ikko, su ne tushen ƙungiyar da aka sani daga baya da S.I.M. Walter Gowans ya mutu a Girku ta ƙasar Zazzau a 1894, Thomas Kent ya mutu a Bida a wannan shekara, Rowland Bingham kaɗai ya koma gida da rai. Zazzaɓin cizon sauro da ciwon ciki sun fi kowane sarki tsare ƙofa a wancan zamani.

Daga Tarabulus Zuwa Fadar Kano

An haifi Mila a 1872 a yankin Devon na ƙasar Ingila, ya kuma yi karatun likita a asibitin St. Bartholomew da ke Landan. Da C.M.S. ta sake ɗaura ɗamarar shiga ƙasar Hausa, sai ta yi dabara. Maimakon ta tura mutanenta kai tsaye, ta aika da su Tarabulus a 1898, domin a can akwai Hausawa da yawa, fatake da alhazai da 'yantattun bayi, waɗanda za a koyi harshe a bakinsu. A nan ne Mila ya gamu da wani yaro Bakatsine mai suna Abdulmajid, ana ce masa Audu, wanda ya taso aikin hajji da mahaifinsa ta hanyar Sahara, uban ya rasu a hanya. Yaron ya ci gaba da tafiyarsa har Makka, daga baya ya sake haɗuwa da Mila, ya zama ɗan gidansa na farko, ya kuma karɓi addininsa.

A watan Janairu na 1900, watan da Gwamna Lugga ya ɗaga tutar Ingila a Lakwaja, mutum biyar suka taso daga Ikko a ƙarƙashin Bishof Herbert Tugwell. Ban da shi da Mila akwai Richardson da Dudley Ryder da Burgin. A Zariya Sarki Kwasau ya karɓe su da fara'a. Ruwa ba ya tsami banza, domin a lokacin Sarkin Sudan na Kwantagora, Ibrahim ɗan Nagwamatse, ya addabi ƙasar Zazzau da hare-hare, Kwasau kuwa yana neman abokai ko daga ina. Da baƙin nan sun tsaya a Zariya da wataƙila labari ya sha bamban, amma idonsu na kan Kano. Suka isa can a watan Afrilu ba tare da an gayyace su ba. Sarkin Kano Alu ya gan su a fada, ya nuna musu cewa ƙasarsa tana da malamanta da makarantunta da Alƙur'aninta, ya ba su 'yan kwanaki su tattara nasu ya nasu su fita.

Suka juyo suka yada zango a Girku, garin da Gowans ya mutu shekara shida kafin nan. A nan Dudley Ryder ya rasu, Richardson kuma ciwo ya sa aka mayar da shi gida. Lugga, wanda tun farko bai so tafiyar ba, ya sa suka janye zuwa Loko a bakin kogin Binuwai. A wannan tsakani wasu samari biyu suka shigo aikin, waɗanda duk mai nazarin Hausa ya san sunansu. Ɗaya shi ne G. P. Bargery, mai babban ƙamus na 1934. Ɗayan kuwa Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, wanda ya bar mishan ya shiga aikin gwamnati, ya buɗe makarantar Nasarawa a Kano a 1909, inda tsoho Dorugu ya koyar kafin rasuwarsa a 1912.

Zaman Durumin Maigarke

Turawa suka ci Kano a watan Fabrairu na 1903, suka ci Sakkwato a watan Maris. Mila bai ɓoye farin cikinsa da wannan ba, domin a ganinsa mulkin sarakunan Fulani zalunci ne da cinikin bayi. Ya ɗauka bindigar Lugga ta buɗe wa bishara ƙofa. Ashe ba a nan gizo ke saƙa ba. A jawabin da Lugga ya yi a Sakkwato bayan cin garin, ya yi alkawarin gwamnati ba za ta sa baki a addinin Musulmi ba. Turawan mulki 'yan kaɗan ne, ƙasar kuwa faɗi gare ta, ba su iya riƙe ta sai ta hannun sarakuna. Saboda haka suka fassara alkawarin da cewa ɗan mishan ba zai zauna a ƙasar sarkin Musulmi ba sai da yardar sarki da ta Razdan.

Zariya ce ta zama togaciya. Sabon sarkin da Turawa suka naɗa a 1903, Aliyu Ɗan Sidi, ya yarda Mila ya shigo birni, kuma a 1905 ya tare a unguwar Durumin Maigarke. Gida ne na ƙasa irin na kowa, da zaure da tsakar gida. Mila bai taɓa aure ba, iyalinsa su ne yaran da ya tara: Audu, da wasu da aka ƙwato daga hannun masu fataucin bayi, da marayu, da 'yan ƙalilan da iyayensu suka kawo don su koyi karatu. Ana buɗe yini da addu'a a rufe da addu'a. Tsakanin nan a duba marasa lafiya, a koya wa yara karatu da lissafi, sannan Likita ya zauna da malamai ana fassara, ana jayayya a kan wace kalma ta Hausa ce za ta ɗauki wace ma'ana. Ranar Lahadi mutanen gidan su ne masu ibada, su ne mawaƙa, su ne 'yan kallo.

Mai karatu ya auna nauyin wannan zama. Mutum ya bar ƙasarsa da danginsa, yana cikin birnin da kiran salla ke tashi daga kowace kusurwa sau biyar a yini, hukuma ta hana shi wa'azi a kasuwa ko kusa da masallaci, 'yan'uwansa Turawa na bariki kuma suna yi masa kallon mai neman jawo musu fitina. Zazzagawa suna zuwa karɓar magani, suna gaishe shi, wasu malamai ma suna zuwa muƙabala, amma da an zo batun sauya addini sai kowa ya noƙe. Nauyin da ke kan Bahaushen da ya bi shi kuwa ya fi nasa. Wanda aka yi wa baftisma yana iya rasa gado da mata da dangi, a daina cin tuwo kwano ɗaya da shi, in ya mutu a rasa mai binne shi. Don haka duk wanda ya karɓi addinin sai ya dawo gidan Likita da zama, ci da sha da sutura da aure duk suka koma wuyan mai gida. Majami'ar ta zama kamar wani tsibiri, kowa a cikinta ya dogara ga mutum ɗaya, shi kuwa mutumin an san shi da zafin rai da rashin jure gardama.

Mila ya so ya faɗaɗa da'irar ta hanyar ilmi. Ya tsara makarantu biyu, ɗaya ta 'ya'yan sarakuna, ɗaya ta malamai inda za su koyi rubuta Hausa da boko. Lugga ya nuna goyon baya, amma ya bar ƙasar a 1906, wanda ya gaje shi kuma, Gwamna Girouard, bai amince a damƙa 'ya'yan sarakunan Musulmi a hannun ɗan mishan ba. Ta malamai an buɗe ta a 1907, ba ta yi nisa ba. Abin da ya rage shi ne 'yar makarantar cikin gida.

Isawa Da Annobar Gimi

A 1913 sai ga wani abin da Mila ya ɗauka amsar addu'arsa ce. Wasu samari suka zo gidansa suka ce su 'ya'yan wata jama'a ce da ake kira Isawa. Asalin jama'ar yana komawa ga wani malamin Kano, Malam Ibrahim, wanda a cikin nazarinsa na Alƙur'ani ya ba Annabi Isa wani matsayi da malaman gari suka ga ya kauce wa hanya. An kashe shi a kasuwar Kano a zamanin Sarki Abdullahi Maje Karofi, almajiransa suka watse zuwa wajajen Ningi da gabashin Zazzau, suna riƙe da abin da ya koya musu.

Wasu daga cikin zuriyarsu suka yarda su bi Mila. Aka samo musu fili a Gimi, aka kafa ƙauye na Kirista Hausawa mai mutum sama da ɗari, da gonaki da makaranta da ɗakin ibada. Wanda ya zauna da su shi ne W. A. Thompson, wani baƙar fata ɗan mishan daga tsibiran Karebiyan. A karon farko jama'ar ta fita daga cikin katangar gida ɗaya, tana noma abincinta da kanta. Sai dai wurin matattarar ƙudan tsando ne. Cikin 'yan shekaru ciwon barci ya faɗa wa ƙauyen, ya yi ta ɗauke manya da yara, har dole aka tashi. Waɗanda suka tsira, galibinsu yara, aka kwaso su zuwa gidan Likita a Zariya. An yi gudun gara an faɗa gidan zago. Amma daga cikin waɗannan tsirarun ne aka sami iyalan da suka zama ginshiƙin Kiristancin Hausawan Zazzau har yau.

Likita Da Sarki

Zo mu zauna, zo mu saɓa. Sarki Aliyu Ɗan Sidi da ya ba Mila masauki malami ne, kuma fasihin mawaƙi, mai waƙar Tabarƙoƙo da ɗalibai ke nazari har gobe. Da farko akwai girmamawa tsakaninsu. Amma gidan Likita ya zama wurin da masu ƙorafi ke kai kuka, shi kuma ya riƙa rubuta wa hukuma takardu yana zargin sarki da mutanensa da zalunci da riƙon bayi. Ta fuskar fada, baƙon da aka ba ɗaki ya zama mai leƙen asirin mai gida. Wajen 1920 Turawa suka tuɓe Aliyu suka kai shi Lakwaja, inda ya rasu a 1924, kuma ƙorafe-ƙorafen Mila suna daga cikin abubuwan da suka kai ga haka.

Wannan nasara ba ta amfane shi ba. Sarakunan da suka biyo baya da Razdan-Razdan duk sun fahimci cewa zama da irin wannan baƙo a cikin ganuwa haɗari ne. Daɗin daɗawa, a tsakiyar shekarun 1920 'yar'uwarsa Ethel Miller ta buga wata ƙasida mai ɓatanci ga Musulunci, abin da ya ƙara tayar da hankalin hukuma. Akwai kuma dokar da ta ce Bature ya zauna nesa da gidajen 'yan ƙasa da tazarar yadi 440, wai don kiwon lafiya, wadda ta zama sandar korar 'yan mishan daga birane. A zamanin Sarki Ibrahim aka daidaita, C.M.S. ta bar birni a 1929 ta koma wani fili a gindin dutsen Wusasa. Wani matashin limami, Guy Bullen, shi ya jagoranci ƙaurar. Aka gina cocin St. Bartholomew da tubali da ƙasa, da bakan gizo irin na maginan Zazzau, aka kafa makaranta da asibiti. Bullen ya zama bishof a Sudan daga baya, ya mutu a haɗarin jirgin sama a 1937.

Mila kuwa bai bi su Wusasa ba, don a wurinsa fita daga birni ja da baya ne. Ya koma Kano ya duƙufa kan fassara, har aka buga cikakken Littafi Mai Tsarki da Hausa a 1932. Ya bar C.M.S. a 1935. A 1947 ya fitar da wani littafi da Turanci yana tambaya ko Turawa sun gaza a Nijeriya, inda ya caccaki mulkin da aka yi ta hannun sarakuna. Ya rasu a ƙasar Jos a 1952.

Me Ya Sa Ba A Yi Haka A Ƙasar Kabi Ba?

Ɗalibina zai tambaya, to mu nan fa? Amsar tana cikin alkawarin Lugga da abin da ya faru shekara uku bayansa. Lardin Sakkwato, wanda Gwandu da Argungu ke ciki, shi ne cibiyar daular Shehu, Razdan ɗinsa na farko kuma, Burdon, yana cikin masu tsananin adawa da shigowar 'yan mishan. A watan Fabrairu na 1906 mutanen Satiru, wani ƙauye kusa da Sakkwato, suka yi bore da sunan Mahadi, suka kashe Turawa uku da sojoji da dama. Aka rushe garin da mummunan kisa, aka kuma tuɓe Sarkin Gwandu na lokacin bisa zargin yana da masaniya. Daga ranar nan duk wani abin da zai taɓa addini a kwarin Rima, Turawan mulki ba sa wasa da shi.

Saboda haka 'yan mishan suka karkata zuwa inda Musulunci bai game jama'a ba. A kudancin jiharmu ta yau sun shiga ƙasar Zuru a shekarun 1920, kuma a can aikin ya kankama, coci ta cika. A ƙasar sarakuna kuwa sai a shekarun 1930 aka buɗe musu wata 'yar taga, da aka ba S.I.M. kula da matsugunan kutare a Amanawa ta Sakkwato da Babbar Ruga ta Katsina da Yadakunya ta Kano. Kiristocin Birnin Kebbi da Argungu galibi aiki da kasuwanci ne suka kawo su, suka kuma ƙaru bayan an ƙirƙiri Jihar Kebbi a 1991. Amma Hausar da suke ibada da ita, musamman 'yan Zuru, tushenta fassarar nan ce ta 1932, ko da yake an sabunta ta daga baya.

Riba Da Hasara

In da abin da Mila ya zo nema za a auna shi, to haƙarsa ba ta cim ma ruwa ba. Zariya tana nan birnin Musulmi, Kano ma haka. Amma gidan ya bar abubuwa uku da ba a iya sharewa.

Na farko, rubutun boko. Mila yana cikin waɗanda suka matsa wa Lugga a riƙa rubuta Hausa da haruffan Turawa a harkokin mulki maimakon ajami. Ɗan Hausa ya fitar da ƙa'idojin rubutu a 1912, Bargery ya yi ƙamus, a shekarun 1930 kuma aka shigo da haruffa masu lanƙwasa. Uku daga cikin masu wannan aiki, wato Mila da Ɗan Hausa da Bargery, duk tawaga ɗaya ta mishan ta kawo su. Har a fagen ƙagaggun labarai akwai sawun gidan, domin cikin littattafai biyar na farko da suka fito bayan gasar 1933, tare da Ruwan Bagaja da Ganɗoki da Shaihu Umar da Idon Matambayi, akwai Jiki Magayi na John Tafida, ɗan wannan jama'a, wanda suka rubuta da Rupert East.

Na biyu, mutane. Likita R. A. B. Dikko, likitan boko na farko a Arewa kuma shugaban farko na Jam'iyyar Mutanen Arewa tun tana ƙungiyar al'adu, a wannan makaranta ya fara. Farfesa Ishaya Audu, ɗan ƙasa na farko da ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello, daga 1966 zuwa 1975, kuma Ministan Harkokin Waje a zamanin Shagari, jinin Isawa ne. Janar Yakubu Gowon a Wusasa ya tashi, inda mahaifinsa ke aikin bishara. Ƙaramin gida ne, amma ya riga sauran Arewa fara karatun zamani da shekaru, wanda ya riga ka barci kuwa dole ya riga ka tashi.

Na uku shi ne tabo. Kasancewar boko ya fara shigowa birni a hannun mai wa'azin wani addini, kuma ɗan ƙabilar waɗanda suka ci ƙasa da yaƙi, ya sa iyaye Musulmi suka haɗa karatun zamani da barin addini. Sun ga yaran da suka shiga gidan Likita sun fito da wani suna da wata alƙibla, don haka tsoronsu yana da dalili. Amma kuɗin wannan tsoro 'ya'yan talakawa ne suka biya shi, shekara da shekaru ana ɓoye su a rumbu in an zo ɗaukar 'yan makaranta. Su kuma Hausawa Kirista sun tsinci kansu a tsaka mai wuya. Danginsu na yi musu kallon waɗanda suka bi Nasara, wasu Kiristoci na wasu ƙabilu kuma na yi musu kallon Hausawa kawai. Lokacin da rikicin Kafancan na watan Maris 1987 ya bazu zuwa Zariya aka ƙona coci-coci, cikin waɗanda abin ya shafa akwai mutanen da kakanninsu Zazzagawa ne da Kanawa.

Kammalawa

Na koma wa ɗalibina da wannan labari bayan 'yan kwanaki. Da na gama ya yi shiru, sannan ya ce, "Malam, to shi Likitan nan mutumin kirki ne ko mugu?" Na ce masa mutum ne da ya yi wa marasa lafiya magani, ya reni marayu, ya yi wa Hausa hidima ta shekara hamsin, kuma shi ne ya yi murna da faɗuwar Sakkwato, ya raina addinin masu masaukinsa, ya sa hannu a tuɓe sarkin da ya ba shi ɗaki. Duka biyun gaskiya ne, marubucin tarihi kuma ba shi da izinin ɗaukar ɗaya ya jefar da ɗaya.

Kirana ga 'yan'uwa marubuta shi ne, yawancin abin da aka rubuta a kan wannan gida da Turanci yake, daga bakin Turawa. Muryar Audu yaron Tarabulus, da ta matan Gimi da suka binne 'ya'yansu, da ta malaman Zazzau da suka zauna fassara da Likita suka tashi da addininsu, duk suna jiran mai rubuta su da harshen da suka yi magana da shi. Jikokinsu suna nan a Wusasa da Zariya da Kaduna, tsofaffi kuwa kullum raguwa suke yi. Mai alƙalami ya ɗauki takarda ya je ya gaishe su tun da sauran lokaci. Allah ya ba mu zaman lafiya da maƙwabtanmu, amin.